Kalmar Sirri Mai Kwaɗo Uku

Ni ne na manta. Gara in faɗa tun farko in huta, don kwana uku na yi ina ɓoye zancen nan a ciki, har tuwo ya daina yi mani daɗi.

Sunana Abdulwahid. Ina da shagon kayan gini a bakin kasuwar Tibiri, kuma ni ne mataimakin shugabar ƙungiyar manomanmu. A garin nan kowa ya san ni da riƙe abu a ka. Lambar wayar mutum in na ji ta sau guda, ta zauna ke nan. Na yi lakwal, wato boko, har kwaleji, ina jin Faransanci, kuma ban taɓa ɓoye ma kowa hakan ba, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba.

Ƙungiyarmu tana da mangaza inda muke ajiye iri da taki, kuma tun ran da anka gina ta kwaɗo uku ke ga ƙofarta. Mabuɗi guda yana hannun shugaba, Hajiya Sa'a, mace mai faɗa da hannun kyauta. Guda yana hannuna. Na ukun yana wuyan Mu'awiya, taubashina, ɗan ƙanwar babana, manomi a wani ƙauye yamma da gari. Shekara goma sha tara yana rataye da shi a igiyar fata, ko wanka zai yi ba ya cirewa. Ba a buɗe mangaza sai mu ukun mun hallara, kuma ko tiya guda ba ta taɓa ɓata ba.

Bara waccan wani furoje na taimakon manoma ya kawo mana babbar kwamfuta, irin wadda masu sani ke ce ma serber, tare da faifan hasken rana da batura. Anka aje ta a ƙuryar biro, wato ofishin ƙungiya. A cikinta rajistar ƙungiya take: sunan kowane manomi, ƙauyenshi, faɗin gonarshi, da irin da ya nema, hatsi ko wake. Mutumin da ya zo daga Yamai ya girka ta, da ya gama sai ya ce mu fitar da mutum guda da zai riƙe kalmar sirrin admin, wato mai iko da na'urar gaba ɗaya.

Hajiya Sa'a ta dube shi kamar ya zage ta. "Mutum guda? A nan? Ɗana, ko buhun wake ba mu damƙa ma mutum guda. Mu uku za mu sa."

Ya yi bayani, ya sake bayani, ya ga ba ci gaba, sai ya yi dariya ya ce to. Haka anka raba kalmar kashi uku. Hajiya ta fara danna nata, mu mun juya baya. Ni na danna na tsakiya. Mu'awiya ya rufe da nashi. Munka sake jerawa karo na biyu, don na'urar sai an maimaita mata take yarda. Mutumin Yamai ya ce a rubuta a takarda a ɓoye. Hajiya ta ce wanda ya rubuta ai ya rataye mabuɗi a jikin ƙofa, ba za a rubuta ba.

Ga inda na kashe kaina. Kafin in danna nawa, sai da na tambayi mutumin cikin Faransanci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wace irin kalma ce ta fi ƙarfi. Ya ce a cakuɗa manyan baƙaƙe da ƙanana da lambobi da wata alama. Na zauna na ƙago wani abu mai guda shida wanda ba mahalukin da zai iya cankarshi. Wallahi ranar har wani rangaji nake da na koma shago.

Shekara biyu ba wanda ya sake neman kalmar. Hannatu, sakatariyarmu, tana da tata ƙaramar kalmar da take shiga rajista da ita, aiki yana tafiya lafiya lau. Sai ran wata Lahadi a ƙarshen watan Mayu, iskar da ke gaban ruwan fari ta taso ta fizge wayar faifan rana, wuta ta ɗauke ma na'urar tana tsakiyar aiki. Anka gyara waya, na'ura ta tashi, amma rajista ta ƙi buɗewa. Hannatu ta kira mutumin Yamai, ashe ya daɗe da canza aiki, yana can Agadas. Ya ce abu ne mai sauƙi, a shiga da kalmar admin a buga layi guda. Ga shi kuma ran Alhamis kamyon, wato babbar motar iri, zai iso daga Doso, gida ɗari shida suna jira, kuma ba a rabo sai da takardar sunaye.

Ran Litinin da hantsi munka jeru a biro kamar masu jiran allura. Hajiya ta zauna, da yatsa guda ta yi ƙwas-ƙwas-ƙwas ta tashi. Na gyara babbar riga na zauna. Na ɗora hannu a kan maɓallai.

Wayam. Kai, jama'a, ban taɓa jin kaina fanko irin na ranar ba. Na tuna akwai babban baƙi a ciki. Na tuna akwai alama. Wane baƙi, wace alama, Allah kaɗai Ya sani. Gumi ya tsattsafo mani a ƙeya. Sai na lura da wani abu: in ana danna kalmar, ba abin da ke fitowa a fuskar na'urar, ko ɗigo. Ba wanda zai ga abin da na sa. Na danna wasu guda shida da sauri da ƙwarewa, na miƙe ina gyara hula.

Mu'awiya ya zauna. Shi bai yi lakwal ba, allo ya yi. Ya ce bisimilla, ya sunkuya har gemunshi yana taɓa tebur, ya bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake. Hannatu ta danna na ƙarshe. Na'ura ta yi shiru kaɗan, ta ce ba daidai ba ne.

Munka sake. Ta ƙi. Munka sake na uku, ni kuwa kowane karo wani abu dabam nake sawa, ko Allah zai sa in dace. Ta ƙi.

Mu'awiya ya sosa kai ya ce, "Ko dai doguwa ta shige ta?"

Da na yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma bakin taubashi ba ya jin birki. Na ce, "Subhanallahi! Bar ɗora ma aljanu laifi. Doguwar tana ga yatsanka. Mutumin da bai san A ba bai san B ba, ƙaƙa zai riƙe baƙaƙen Nasara shekara biyu?"

Biro ya ɗauki dariya. Har Hajiya sai da ta rufe baki da mayafi. Mu'awiya ma ya yi ɗan murmushi, don tsakaninmu irin wannan ba komai ba ne, ya sha yi mani wanda ya fi shi. Ya ce, "Ni dai abin da na sa, shi na sa, ɗan lakwal." Amma ba wanda ya saurare shi. Tun daga lokacin zance ya zauna cewa Mu'awiya ne ya manta.

Yinin ranar ban sayar da ko ƙusa da hankalina ba. Na cika bayan wani buhun siminti da rubuce-rubuce. Lambar motona da babban baƙi a gaba. Farkon sunan ɗiyata da shekarar da anka haife ta. Sunan malaminmu na lissafi a juye. Wani ya zo sayen fenti shuɗi na miƙa mashi igiyar guga. Da na koma gida matata ta aje mani tuwo da miyar kuka, na yi loma biyu na ture. Ta ce mi ya faru, na ce zafi ne. Ta ce zafin bai hana ni cinye kwano biyu jiya ba.

Ran Talata munka sake gwadawa, wannan karon ƴan kwamiti sun cika biro, wasu har a taga. Na sa lambar moto, ta ƙi. Na sa na ɗiyata, ta ƙi. Duk lokacin da na'ura ta ƙi, idanu sai su koma kan Mu'awiya. Abin da ya fara da wasa sai ya fara kauri. Wani ya ce zamani ya canza, amana irin wannan sai wanda ya yi boko. Wani ya ce in mutum ya fara mantuwa, yau kalma ce, gobe mabuɗin mangaza ne zai bari a gona. Hajiya Sa'a ta ɗaga hannu anka yi tsit.

"Mu'awiya," in ji ta, "ba wanda ya ce ka ci amana. Amma shekaru sun ja. In an gyara na'ura, Hannatu za ta karɓi kashinka, da na kwamfuta da na mangaza. Ka huta hakanan."

Hannun Mu'awiya dai ya kai ga ƙirji, inda mabuɗin yake a ƙarƙashin riga. Ni kuma ina tsaye a gefenshi, baki gare ni, harshe gare ni, na yi gum. Na ce ma zuciyata gobe zan tuna, in na tuna sai na'ura ta buɗe, kowa ya ga ba laifin kowa. Ƙarya nake ma kaina, kuma na sani. Tsoro nake ji a ce Abdulwahid mai riƙe lambobi ya manta guda shida.

Hannatu ce ta samo mana mafita. Ta ce akwai wata Mubarika a Dogon Dutsi, ita ke gyara ma makarantu da ɗakunan shan magani kwamfutocinsu, ta kira ta, za ta zo da motar safe.

Ran Laraba wajen ƙarfe goma sai ga ta, doguwar mace da hijabi ruwan toka da jaka a baya, ƙafafunta duk jar ƙasar hanya. Ta gaida Hajiya har ƙasa, ta gaishe mu, ta sha ruwa. Ta ce a ba ta labari. Da Hannatu ta kai inda anka raba kalma uku, sai na ga Mubarika ta cije leɓe tana kallon rufin ɗaki.

"Uku?" in ji ta. "Kowa da nashi, kuma ba wanda ya san na wani?"

"Kamar mangaza," in ji Hajiya da alfahari.

"Kuma ba a rubuta ba."

"Allah Ya kiyaye."

Mubarika ta ce a gafarce ta, ta fita waje. Muna jin ta a bayan biro tana dariya har da tari. Ta dawo tana share ido ta ce, "Hajiya, na yi aiki daga nan har Dogon Kiriya, ban taɓa ganin irin wagga ba. Amma wallahi kun burge ni."

Kafin ta taɓa komai sai da ta sa Hannatu ta rubuta takarda cewa ƙungiya ce ta ba ta izinin canza kalmar admin, Hajiya ta sa hannu, ni ma na sa, Mu'awiya ya dangwala yatsa. Ta ce ita ba ta buɗe na'urar mutane da baki kawai, ko na'urar babanta ce. Ana cikin neman tawadar dangwale na ja ta gefe, na sassauta murya.

"Ɗiyata, tambaya gare ni, don ilimi kawai. In kin shiga, na'urar za ta nuna kashin wa ne ba daidai ba?"

"A'a, Baba. Ita ba ta san kashi-kashi ba. Ko duka daidai, ko duka kuskure. Tsohuwar kalmar ma ba zan gan ta ba, sabuwa zan ɗora a kanta."

"Har abada ba za a sani ba?"

"Har abada." Ta tsaya tana kallona, kallon ya ɗan fi ƙarfin tambayar. Na ce madalla, ilimi ke nan, na koma wurin zamana. Sanyin daɗi ya ratsa ni har ƙafa.

Ta fiddo ɗan kile, wato ɗan abin ajiyar bayanai, daga jaka ta soka a jikin na'urar, ta tada ta da shi. Ta leƙa ciki ta ce alhamdu lillahi, faifan ba a ƙulle yake da irin makullin da ke rikita rubutu ba, da haka ne da sai dai mu yi ta addu'a. Ta kwafe rajistar duka ta zuba a wani faifai na biro, ta ce ko da wani abu zai lalace, sunayen mutane sun tsira. Sannan ta zare kile, ta kashe na'ura ta sake kunnawa, ta danne wani maɓalli tun kafin ta gama farkawa.

Wani ɗan jerin rubutu ya tsaya a fuskar, wanda kullum wucewa yake ba mu lura ba. Mubarika ta ce nan ne na'ura ke karanta yadda za ta tashi. Ta shiga layi guda ta ƙara ƴan kalmomi a ƙarshenshi. Ta ce yanzu ta gaya mata ta tsaya a hanya, kar ta kai wurin da take tambayar kalmar sirri. Baƙin allo ya fito da ɗan farin abu yana ƙiftawa. Ta buga layi guda don faifan ya yarda a yi rubutu a kanshi, ta buga na biyu, na'ura ta ce a kawo sabuwar kalma. Ta sa wata ta wucin gadi, ta maimaita, ta sake tada na'urar. Duka-duka bai kai a dafa shayi a zuba na fari ba.

Ta shiga da sabuwar kalmar, na'ura ta buɗe.

Hajiya Sa'a ta miƙe tsaye. "Tsaya, tsaya! Shi ke nan? Ba ki nemi nawa ba, ba ki nemi na kowa ba?"

"Ban nema ba, Hajiya."

"To duk wanda ya shigo ɗakin ga zai iya haka?"

"In ya iya, kuma ya samu zama a gabanta, zai iya."

"Innalillahi! Shekara biyu muna gadin ƙofa, ashe bango a buɗe yake!"

Mubarika ta ce kar ta damu. Za ta toshe waccan hanyar da wata kalmar sirri ta dabam, ɗakin kuma a sa mashi ƙofar ƙarfe, in Hajiya na so ta jera mashi kwaɗo goma. Amma kalmomin dole a rubuta su, a sa a ambulan a liƙe, a ajiye inda sai da shaidu za a buɗe. Hajiya ta yi ƙunƙuni, ta ce za ta yi shawara, wanda a bakinta yana nufin ta yarda.

Daga nan Mubarika ta buga layin da mutumin Yamai ya faɗa, ta gyara abin da ɗaukewar wuta ta hargitsa, ta ce Hannatu ta gwada. Rajista ta buɗe. Injin bugawa ya fara tofo takardu, suna bayan suna, ƙauye bayan ƙauye. Wata mata a taga ta rangaɗa guɗa. Anka kawo fura da kopton zogale, kowa yana magana lokaci guda. Ni kuwa na fi kowa murna, don ni kaɗai na san abin da na tsallake. Na sha fura ludayi ya fi goma, yunwar kwana uku ta dawo mani gaba ɗaya.

Da anka lafa, Mubarika ta ce to a zo a sa kalma ta dindindin, ita ba ta son tafiya da sirrin mutane a kanta. Hajiya ta ce har yanzu uku za a sa, sai dai a rubuta. Ta dubi Hannatu ta ce ta matso. Sannan ta dubi Mu'awiya, muryarta ta yi laushi. "Malam Mu'awiya, sai haƙuri."

Na manta da shi sam. Yana zaune a kan benci kusa da ƙofa, ko furar bai taɓa ba. Ya tashi a hankali, ya sa hannu biyu ya zare igiyar fata ta kan hularshi, ya aje mabuɗin a kan tebur. Wurin da igiyar ke kwanciya a wuyanshi ya yi fari. Sai ya laluba aljihu ya fiddo wani kwali a ninke, irin na sukari, ya aje kusa da mabuɗin.

"Wanga ma ku riƙe," in ji shi. "Ba ni da abin yi da shi yanzu."

Mubarika ta buɗe kwalin. Zanen maɓallan kwamfuta ne, layi-layi, an zana da alƙalami, kowane gida da baƙinshi an kwaikwaya a karkace. Gida biyar a ciki sun yi baƙi ƙirin sun yi santsi, har kwalin ya kusa hujewa a wurin.

"Baba, mi ne ne wannan?"

"Ran da anka sa kalmar na roƙi mai gadin biro ya bar ni na zauna na zana. Na san ni ba ɗan lakwal ba ne, kar in ba mutane kunya. Kullum in na gama sallar asuba sai in danna nawa sau uku kafin in tafi gona." Ya yi ɗan murmushi. "Ashe duk da haka kan ya tafi. Jiya na ce ma mai ɗakina ta riƙa lura da ni, in ta ga na fara saka takalmi a juye ta gaya mani."

Shekara biyu, kowace asuba. Ni kuwa ko sau guda ban sake tuna nawa ba tun ran da na yi rangaji na koma shago. Kuma ban tsaya ga ƙwace mashi mabuɗi ba, har na sa mutum ya fara shakkar hankalinshi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na ji na tsani kaina.

Hannatu ta miƙa hannu za ta ɗauki mabuɗin. Na ce, "Bar shi."

Kowa ya juyo.

"Ni ne," na ce. Na sake da ƙarfi. "Ni ne na manta. Tun ran Litinin ban san ko guda ba. Duk zaman da na yi a gaban na'urar ga, abin da ya zo mani nake dannawa. Har lambar motona na sa. Mu'awiya bai manta komai ba."

Injin bugawa kaɗai ke ta aikinshi. Hajiya Sa'a ta buɗe baki ta rufe, abin da ban taɓa gani ba. Mubarika ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar jakarta, ita dai ba ta yi mamaki ba.

Mu'awiya ya tako har gabana. Ya daɗe yana kallona. Na shirya ma mari, kuma da ya yi, da ban ce uffan ba.

"Kaina lafiya lau ke nan?" in ji shi a hankali.

"Lafiya lau. Ka yafe mani, don Allah."

Ya ja numfashi mai tsawo ya sauke, idanunshi sun kawo ruwa. Ya juya ya ɗauki mabuɗin, ya mayar da igiyar a wuya, ya tura ta cikin riga ya dafa. Sai kafaɗunshi sunka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ke taso mashi tun daga ciki.

"Lambar moto!" ya ce. "Jama'a, kun ji? Ɗan lakwal! Mai Faransanci! Lambar moto!"

Biro ya fashe. Waɗanda ke taga sunka kai ma na waje, na waje sunka kai kasuwa. Hajiya ta dawo hayyacinta ta fara yi mani ruwan faɗa, ta ce ni za a cire, yau ɗin nan, yanzun nan, a ba Hannatu kashina. Na ce na yarda, hakan ya dace da ni.

"A'a, Hajiya," in ji Mu'awiya yana share hawaye. "A bar mashi. In kunka cire shi, wa zan riƙa tsokana ran buɗe mangaza? Na yafe mashi, amma wallahi sai jikokinshi sun ji labarin ga."

Haka munka sake jeruwa, Hajiya, ni, shi. Wannan karon na zaɓi abin da zan iya riƙewa, kowa ya rubuta nashi a ɓoye, Mubarika ta haɗa a ambulan ta liƙe. Da za mu fita, Mu'awiya ya ɗauki kwalin nan nashi daga kan tebur, ya ninke shi yadda yake, ya cusa mani a aljihun gaba ya daddaɓa.

"Bayan sallar asuba," in ji shi. "Sau uku. In ka kasa gane baƙaƙen, ka zo ƙauye in koya maka."